Jigo

Ran Talata, aji biyar, bayan tara,
Malam Gidado ya raba mana shafi guda:
labarin mai jaki da ya ci kasuwar Kumo.
Ya ce, "Ku karanta sau biyu, ku ba ni jigonsa."

Iliya ya ce jakin.
Saratu ta ce ruwan da ya tare shi a gada.
Ni na ce hular mutumin,
don sau uku aka ambace ta, na ƙirga da yatsa.
Malam ya juya alli a tafin hannunsa,
ya ce, "Kun kwaso kayan ɗaki, kun baro ɗakin.
Ku tafi da shi gida, ku kwana tare."

Na bi ta lambu, ta bakin Gongola.
Kaka Manu na cikin albasa, wando a naɗe.
Na ce, "Kaka, mene ne jigo?"
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Yau kuma boko ke cigiyar abin da inji ya kora?
Duk Dadin Kowa nawa kaɗai ya saura.
Ga shi can, gara ta soma taɓa shi."

Itace ne mai gwafa, a kafe bakin rami,
an gitta masa doguwar sanda,
curin laka a gindi, guga a kai.
Ya ce, "Cire gugan, ɗaura ƙwarya, ruwa zai hau.
Tsinke igiyar, kafin la'asar na tufka wata.
Amma tumɓuke wannan da ke tsaye,
ki ga ko albasa za ta sha."

Da dare wasiƙar Yaya Sambo ta iso daga Fatakwal,
direban tanka ya kawo, duk ta sha maiƙo.
Inna ba ta karatu. Ta matso da fitila.
Gaisuwa layi tara, har da jaririn maƙwabta.
Ya ce ruwa can ba ya ɗaukewa,
ya tambayi jar akuya, ko ta haihu,
ya ce shinkafa ta yi tsada, takalminsa na nan da ƙarko,
a gaida mai unguwa, a dage da addu'a.
Can ƙasa, kusa da sa hannu,
ya sake tambayar akuya.

Na ninke takarda, na ce, "Lafiyarsa lau."
Inna ta daɗe tana kallon harshen fitila,
sannan ta ce, "An sallame shi daga aiki."
Na buɗe, na bi layi-layi da yatsa,
babu inda ya faɗa.
"Yaron da bai taɓa ba ta dusa ba
shi ke tambayarta har sau biyu?
Kuɗin mota yake so. Kunya ta riƙe masa alƙalami."

Ni ma ai na ƙirga hula.
Ashe ƙirge daban, ji daban.

Kafin kananzir ya ƙare na jawo shafin Malam.
Na cire jakin, na sa keke: labari bai motsa ba.
Na ɗauke ruwan, na bar rana: yana nan tsaye.
Na tuɓe wa mutumin hula, ya tafi da kai a sake,
ko gezau.
Sai na taɓa wurin da ya juya daga rabin hanya,
cikin duhu, da yunwa,
don mayar da canjin da aka ba shi fiye da nasa.
Ina zare shi, komai ya zube:
jaki ba inda za shi, ruwa ba wanda zai tare.

Na rubuta jimla ɗaya, gajeriya,
har na ji kunyar ƙanƙantarta.

Da safe ina ɗaura ɗankwali
na ji kuka a bakin zaure.
Kaka ne riƙe da igiya,
jar akuya na turjewa,
Inna na bayanta tana cewa, "Kur, mu je."