Takardar Ƙosai

A Kakuri, bakin masaƙar da aka rufe,
Asabe ta ƙunshe mini ƙosai
a shafin da aka yago daga wani littafi.
Na cinye, na warware:
kogi ne, da kwalekwale ɗaya,
man gyaɗa ya jiƙa rabin samaniya.

Rubutun ƙasa ya ce Bafaranshe ne,
shekara arba'in yana zana ruwa,
mai gidan haya na binsa bashi,
yana ta rufe masa ido, bai ajiye buroshi ba.
Sunansa ya tafi da ɗaya shafin,
wataƙila cikin ƙosan wani.

Ni Barau, da na zana furannin atamfa
har injina suka yi shiru,
na san wannan shuɗin.
Ba a kanti ake sayensa ba,
sai an daɗe tsaye a gaɓa.

Da la'asar na hau gada.
Kogin Kaduna ja wur, damina ta dama shi,
masu wanki na dukan dutse.
Na ɗaga takardar, na gwada:
namu ruwan na wucewa,
nasa yana nan inda ya tsayar da shi.

Na naɗe ta, na cusa cikin hula.
Gobe zan nemo fenti, ko da bashi.