Hannun Ebdokiya

Ranar Talata santsi ya kwashe ta a matakala,
wuyan hannun dama ya karye.
Likita ya ɗaure, ya ce sai bayan mako shida.
Mako shida!
Ni da na shekara arba'in da ɗaya a gidan nan
ban san inda cokali yake kwana ba.

Na tuƙa bas a titunan Salonika
har kaina ya yi fari fat,
na san kowane rami, na san kowace kwana,
amma yau ga ni tsaye gaban tumatir uku
gwiwa na rawa kamar ɗan koyo ranar gwaji.

Ta zauna a kujerar bakin taga,
hannu rataye a wuya, baki kuwa lafiya lau.
"Lamburos, ba wannan kaskon ba.
Na ƙasa, mai tsaga a gefe,
wanda uwata ta taho da shi daga ƙauye."

Na yanka tumatir, ta ce ya yi kauri.
Na sake, ta ce yanzu ana hango hasumiyar coci ta cikinsa.
Ruwansa ya gangaro har gwiwar hannuna.
Na jera su a gindin kasko, ja bisa ja,
ban tanka ba.

Sai feta.
Na tsamo shi daga ruwansa, sanyi ƙarara,
fari kamar sabon sabulu,
yana ƙanshin tumakin da suka yi kiwo a kan dutse.
Na kwantar da shi a tsakiya,
na miƙa hannu zan ɗebo gishiri,
ta daka mini tsawa: "Kul!
Tun yana jariri a cikin gishiri yake kwance.
Wa ke kai wa teku gudummawar ruwa?"

Barkono kore, dogo, mai faɗa.
Ta ce ɗaya ya isa.
Da ta juya tana harar kyanwar maƙwabta
na ƙara na biyu, na ɓoye shi ƙarƙashin tumatir.

Man zaitun daga gonar ƙanenta Fotis,
wanda ba ma ga maciji da shi tun rabon gado,
amma mansa ba ya da laifi.
"Zuba. Ƙara. Haba, rowar me kake yi?
Ba kamfani ne zai bincika tanki ba."

Busasshen ganyen rigani kuwa ta ce nata ne.
Ta taso, ta murtsuke shi da yatsun hagu,
yatsun da ba su saba ba.
Rabi ya faɗa kasko, rabi ya watse a ƙasa.
Ta dube shi. Na dubi bango.
Na share daga baya, lokacin da ba ta gani.

Minti ashirin da biyar a cikin tanda.
Na ja kujera kusa da ita.
Can ƙasa jirgin ruwa yana kuka zai bar tasha.
Nan na tuna yawan maraicen da ta tsaya a wannan wuri
ni ina bayan jarida,
ina zaton abinci shi ke dafa kansa.

Da na buɗe, tururi ya rufe mini tabarau.
Mai yana tafasa a gefe, yana tsartuwa,
cuku ya yi laushi amma bai watse ba,
bakinsa ya soma ƙonewa kaɗan.

Hannu ɗaya ba ya gutsurar burodi.
Na gutsura, na dangwala, na hura, na kai mata baki.
Ta tauna a hankali.
Idonta ya kawo ruwa.

"Biyu ka sa."
"Ɗaya."
"Lamburos."

Sannan ta buɗe baki tana jiran loma ta gaba,
ta ce gobe wake za mu yi,
in jiƙa shi tun da dare,
kuma kaskon nan ba a wanke shi da sabulu.