Dogo a Kan Ƙyaure

Ƙyauren da gara ta ci wa gindi
na kwantar a zaure bisa bulo huɗu.
Hajo ta ce a faskara, a hura wuta.
Na ce nan zan shimfiɗa dogo
daga Ƙaura Namoda har Gusau,
tafiyar da ba ta wuce taki biyu ba.

Lemar da iskar bazara ta karya
ita ta ba ni ƙarafan layi.
Tsinken ashana ɗari shida da tara
na jera ƙarƙashinsu,
ina auna tsakani da faɗin farce.
Ɗan Ige mai shayi ke tara mini su,
yana miƙo gwangwani yana faɗa wa majalisa:
tsohon mai gyaran agogo
ya saki lokaci, ya kama wasan yara.

To, ya faɗa.
Bai ga dare na tankaɗe yashin Gagare
a rariyar Hajo ba, ita ma ba ta gani ba,
sai da tuwo ya yi ƙasa-ƙasa a haƙori.

Taragu bakwai, duk gwangwanin kifi.
Sun fito suna sheƙi kamar kayan lefe,
na ji kunya a madadinsu.
Jirgin da na sani bai taɓa yin sabo ba.
Na dama jar ƙasa da ƙaro, na shafa musu tsatsa,
na tara kan jirgin a hayaƙin fitila
har ya yi baƙin da hannu ke ɗauka.
Kuka na yi da saiwar rogo,
ganyen darbejiya da soson wanka.
Fasasshen madubi ya kwanta ƙarƙashin gada,
ya zama ruwan da ba ya ƙafewa.

Buhunan gyaɗa kuwa, ɗinkin allura,
kowanne tsaba biyar na gero.
Ranar Laraba kaza ta shigo tasha
ta sauke kayan tarago uku
ba ta biya ko kwabo ba.

Injin daga cikin matacciyar rediyo ya fito.
Batir biyu, ya ja.
Amma duk ya iso kwanar nan ta wajen ƙofa
sai ya kife, ƙafafu sama kamar buzuzu.
Sau goma sha ɗaya.
Na zargi waya, na zargi taya,
na zargi idona.

Cikin dare muryar Baba ta zo,
shi da ya yi shekara talatin yana bin layi a ƙafa
da guduma a kafaɗa, yana sauraron kusoshi:
Labbo, kwana ba ta son adalci.
Ɗaga na waje ya ɗara na ciki,
jirgi ya samu inda zai jingina.

Na yanki kwalin shayi, sirinsa kamar ganye,
na cusa ƙarƙashin ƙarfen waje.
Ya zo, ya karkata kaɗan, ya wuce.
Ni kaɗai ne a zauren.
Na daɗe ban kashe shi ba.

Jikata Tumba ba ta taɓa jin kukan jirgi ba.
Ta tambaya yaya yake.
Na dunƙule hannu na busa,
tari ya kwace rabin kukan.
Ta yi dariya, ta kamo tururuwa biyu
ta sa a tarago na ƙarshe,
ta ce fasinjan Gusau ne, su riƙe tikiti.

Saura mutum ɗaya.
Na sassaƙa shi da ɓargon kara,
gajeren wando, hular kaki,
gudumarsa kan ƙusa ce.
Fuskar ce ta ƙi.
Alluran agogo sun bi hannuna shekara arba'in,
wannan ta ƙi.

Sai na juya shi, ya ba mu baya,
na tsayar da shi gefen kwanar
yana duban inda layi ya ƙare
a bakin ƙyaure, wajen ramin kuba.
Haka dama na fi ganinsa:
da asuba, yana tafiya.