Ɗigon Dalma

A cikin zanin gado Rifkatu ta naɗo shi,
tun daga Kakuri har rumfata a Panteka,
ta kwantar da shi a benci kamar majinyaci.
"Na babanmu ne," ta ce.
"Tun da ya rasu ko tari bai yi ba."

Babu suna a goshinsa.
Tambarin ya faɗi, sai ramukan ƙusa biyu.
Takardar bayansa kuwa, kyankyasai sun karance ta tas.
Yarona Tanimu ya zaro waya zai tambayi duniya,
na ce masa, ajiye, kawo hancinka.

Shaƙa. Kaki ne wannan, da tsohon katako
wanda ya sha iskar teku kafin ya hau jirgin ƙasa.
Dubi maɓallan, jere kamar haƙoran rago.
Ƙirga kwalaben: shida, ta bakwai ce koren ido.
Lambar jikin gilashi ta goge?
Hura mata numfashi,
rubutu yana dawowa ga mai haƙuri.
Aikin Jamus ne. Ya girmi mahaifiyarka.

Kwana uku muna cikinsa.
Zanzaro ya yi gini a bayan sifika,
ɓera ya cinye zaren da ke jan allura,
kwandansa sun kumbura kamar jiƙaƙƙen wake.
Kwalba ɗaya ta yi furfura a ka,
iska ta shige ta, ba ta da sauran magana.
Na samo 'yar'uwarta a gwangwanin madara,
inda nake tara waɗanda ba su gama mutuwa ba.

Da na kife shi ne hannuna ya tsaya.
Wani ɗigon dalma, ƙato, dusashe,
kamar kashin kaza a tsakar gida.
Na san mai wannan aiki.

Shekara arba'in da ɗoriya,
a shagon Ndagi da ke Tudun Nupawa,
wani yaro yana ta duban agogo,
don ƙarfe huɗu za a take ƙwallo.
Bai jira ƙarfen liƙi ya yi zafi ba,
ya ɗiga, ya rufe, ya ɗaure ƙusa.
Mai rediyon dogo ne, da burbushin auduga a gashi,
daga masaƙa ya taso bai ko je gida ba.
Ya biya, ya yi godiya,
har ya ɗora wa yaron sulai biyu.

Na duba gefen akwatin.
Fenti ya koɗe a wuri guda, daidai faɗin tafi.
Ashe duk daren da murya ta ɗauke masa
ana tsakiyar labarun duniya,
nan yake mari har ta dawo.
Ni yake mari, bai sani ba.

Na narke kuskurena da kaina.
Wannan karon na jira,
sai da dalma ta kwanta ta yi sheƙi kamar hawaye.

Muka ba shi wuta ta cikin ƙwan fitila,
kaɗan-kaɗan, yadda ake ba mai jinya kunu.
Shiru.
Tanimu ya ce, "Baba, ya tafi."
Na ce, tsoho ba ya amsa sallama daga kwance,
bari ya nemi takalminsa.
Sai kwalaben suka yi ja, ɗaya bayan ɗaya,
koren idon ya buɗe,
wata murya ta taso daga nesa tana gyara maƙogwaro.

Ranar Asabar Rifkatu ta dawo.
Muna saurare, hannunta ya tashi da kansa,
ya tsaya a iska kusa da koɗaɗɗen wurin,
yana jiran murya ta yanke.
Ba ta yanke ba.

Ta buɗe jaka. "Nawa ne?"
Na ce, kuɗin kwalba kawai za ki bayar.
Na aiki an biya tun ba ki iya tafiya ba,
har da sulai biyu a kai.