Tef ɗin Awo

Ni na fara ganinsa, ba shi ba.
Lowrie na bakin gado yana tuɓe takalman roba,
ƙarnin kifi da gishirin teku na bin wandonsa,
sai na ga cinyar hagu ta ɗara ta dama.
Ya ce rago ne ya tunkuye shi wancan watan.
Na ce wane rago ke tunkuyi bai bar shaida ba?
Babu ja, babu zafi,
ƙullutu ne kawai can ciki,
zaune daram kamar dutse a ƙarƙashin ciyawa.

Shekara arba'in ina saƙa rigunan ulu,
idona ba ya ƙarya a kan awo.
Na ɗauko tef ɗin da nake auna kafaɗun jikoki.
Santimita huɗu.
Na rubuta a bayan takardar kuɗin lantarki.
Bayan mako uku, shida.
Ya ce, Osla, abin da ba ya ciwo ba ya kisa.
Na ce ruwan da ya ci ƙanenka ma shiru ya yi.
Bai tanka ba. Ya ɗauki hularsa.

Dakta Menon ta latsa wurin da yatsu biyu,
ta daɗe, har na ji agogon bango.
Yaushe ya fara? Yana ƙaruwa? Ka rame?
Na miƙa mata takardar lantarki.
Ta karanta lambobin nan biyu
kamar wasiƙa daga wanda ta sani.
Ba ta ce mu dawo bayan wata ba,
ba ta ba mu man shafawa ba.
Ta juya ga na'urarta ta ce, yau zan tura ka.
Hoto a Lerwick, sannan ƙwararru a Aberdeen.
Ban ce shi ne ba, in ji ta,
amma ba a ɗakin nan za a ce ba shi ba ne.

Tsibirinmu na Unst,
iska ba ta barin itace ya yi tsayi,
ka tsaya a tudu ka hango teku ta kowace fuska.
A nan ne wai ake zargin daji
ya tsiro a cinyar mijina.

Waya ta yi ƙara ranar Talata ina wanke tukunya.
Ran goma sha ɗaya, ƙarfe tara da kwata.
Shi kuwa lissafinsa daban:
tumaki talatin da biyu na gab da haihuwa,
wa zai tashi musu da tsakar dare?
Magnie maƙwabci ya zo bai zauna ba,
ya karɓi makullin garke da fitila,
ya ce ku tafi, na san wadda ke cizo.

Fito biyu, mota, sannan babban jirgin dare.
Ya kwanta yana fuskantar bango,
hannunsa a kan wurin, yana zaton na yi barci.
Na saƙa hannun riga, na warware,
na sake saƙawa, na ɓatar da ƙirga,
ni da nake saƙa a duhu ba kuskure.
Wajen asuba ya ce, kin zo da tef ɗin?
Na ce yana gida, cikin gwangwanin maɓallai.
Awona ya ƙare, yanzu na wasu ne.

Ɗakin jira, kujeru shuɗɗa.
Wata yarinya da sandunan dogarawa na cin lemo,
ubanta na riƙe da ɓawon, bai san inda zai ajiye ba.
Ma'aikaciya ta leƙo ta ce, Laurence Mouat.
Tun rasuwar uwarsa ba wanda ya kira shi haka.
Ya waiga kamar wani ake nema,
sannan ya miƙe,
ya bar mini hular, da ɗuminta.