Ƙanƙara a Rumsiki

Ni mai shayi ne, tebur ɗaya, benci biyu,
a bakin hanyar da ta taso daga Mokolo
ta zo ta tsaya tana kallon dutsen nan
da ya miƙe kamar taɓarya a cikin turmi.

A shekarun baƙi, nan suke sauka,
jajur da su, jaka a baya kamar goyo.
Tizhe ke ja musu gaba.
Shi ya san inda dutse ke da santsi
da inda kunama ke kwana.

Akwai wata, Marlis sunanta,
ta tsufa amma ƙafarta ba ta samu labari ba.
Sanduna biyu ta riƙe, na ƙarfe, sakayau.
Na ce, "Baiwar Allah, ciwon gwiwa ne?"
Tizhe ya juya mata maganar,
ta yi dariya har shayina ya zube.

Sai ta ciro hoto.
Duwatsu ne, amma farare tas
kamar an zazzage musu garin rogo buhu dubu.
Ga mutane sun ɗaura katako a ƙafa,
dogaye, sirara,
suna darzawa, suna tokarawa da sanda,
ƙauye zuwa ƙauye, wuni guda,
numfashi na fita kamar tururin butata.
Ta ce wannan ne hutunsu.

Hutu!
Na dubi matan da ke hawowa daga rijiya,
tulu a ka, jijiyar wuya a tsaye.
Na ce a raina, in hawan dutse hutu ne,
waɗannan tun suna yara suke hutawa.
Ban faɗa ba. Mai ciniki ba ya tsinka igiyar gugansa.

Ranar tafiya ta bar wa Tizhe sandunan,
ta ce baɗi za ta zo ta karɓa.
Baɗi ta zo da labarin bindiga a bayan tsauni.
Motoci suka ɗauke ƙafa.
Masauki ya zama ɗakin jemagu,
na koma sayar da rabin kofi bashi.
Tizhe ya koma gonar ubansa,
sanda ɗaya yana korar awaki da ita,
ɗaya tana tokare da ƙofar kara.

Sai wata Laraba, dawa ta kai ƙugu,
hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga yamma.
Muna jiran ruwa, aka jefo mu da tsakuwa.
Kwanon rufi ya yi ta kuka.
Da ta lafa muka fito:
gangaren nan fari fat, har gindin kuka,
dawa kwance, ganye a yage kamar tsumma.
Mata suka ɗora hannu a ka.

Tizhe ya daɗe yana kallon gonarsa.
Sai ya juyo, ya ɓalle katakon bencina,
ya tsaga biyu, ya ɗaure a ƙafa da robar taya,
ya aika yaro ya kawo sandunan.
Dattijo mai jikoki bakwai!
Ya tokara, ya sulale taku uku, huɗu,
na biyar ƙasa ta karɓe shi da baya.
Yana kwance a cikin asararsa
yana dariya, hawaye na bin kunnensa.
Ya ce, "Tanimu, shaida,
yau ni ma na yi hutu."

Kafin la'asar ta narke duka.
Muka tsince abin da zai tsintu.
Shekarar nan da wake muka ƙarasa ta.

Bencina har yau ƙafa huɗu ne ba wurin zama.
Ban gyara ba.
In Marlis na raye, in hanya ta buɗe,
ina so ta tambaye ni me ya same shi.