Mayen Ƙarfe

A shagona na Tudun Wada, nan Gusau,
akwai mayen ƙarfe cikin gwangwanin madara.
In allurai suka watse a ƙasa
shi nake ja bisa siminti, su taso su manne.
Ban taɓa zaton za a ɗora wa kaina irinsa ba.

Da safe Baraka 'yar'uwata ce ta jini,
kafin la'asar na goge lambarta
don ta ga saƙona ba ta amsa ba.
Ranar na tsaga atamfar mutane da almakashi,
na zauna kan ƙyallayen ina kuka.
Sona ba shi da rabi, ƙina ma haka.
Tsakaninsu babu komai,
tukunya ce da aka wanke aka kife.

An ce iskoki. An ce sangarta.
Na sha rubutu, na shaƙi hayaƙi har idona ya yi ja.
Likita Bashar bai ce ko ɗaya ba.
Ya auna kaina kamar zai ɗinka mini hula,
ya ce, "Gwaji muke yi, Hansatu, ba alkawari ba.
Zaman hirarmu na Laraba yana nan, kada ki fasa."

Sai abin ya fara, tak-tak-tak a gefen goshi,
kamar kekena in ya hau kalmasa.
Ya tsaya. Ya sake.
Na fito da ɗan ciwon kai,
na sayi rake a bakin ƙofa.

Yau sati huɗu. Ba zan ce na warke ba.
Jiya Baraka ta ce tana zuwa da azahar, shiru.
Wutar ta taso, na san hanyarta,
daga ciki zuwa maƙogwaro.
Na ɗauki waya. Na ajiye.
Na ƙirga maɓallan rigar wani yaro, bakwai ne,
na sake ƙirgawa.
Ko mayen ne, ko hirar Laraba, ko addu'ar Inna,
ban sani ba.
An dai samu ɗan fili, faɗin zare guda,
tsakanin wutar da hannuna.

Da magariba ta shigo tana haki,
wai babur ne ya mace musu a Lalan.
Gefen zanenta ya ture gwangwanin,
allurai suka watse.
Mu biyu muka tsuguna.